Tsohuwar Mota ko Sabuwar Yayi: Yadda Ake Lissafin Kuɗin Riƙon Motar Gazuwal

Gabatarwa

Ya kai mai karatu, ka san yadda bakin hanya yake cika da buhuna a Bonkuku idan lokacin haƙar dankalin turawa ya zo. Kowa yana jiran mota. Mai mota ya yanke kuɗin da ya ga dama, manomi ya biya, domin dankali ba ya jure zafi. A irin wannan lokaci ne mutum ko ƙungiyar manoma sukan ce: "Me zai hana mu sayi tamu motar?"

Shawara ce mai kyau, amma tana da nauyi. Kuɗin mota gumin shekaru ne. Wani sai ya sayar da shanu, wani ya ci bashi, wata ƙungiya kuma ta zuba duk abin da ta tara a asusu. Idan aka yi kuskure wajen zaɓe, motar da aka saya don ta ciyar da gida ita ce za ta cinye gidan.

Wannan darasi zai taimake ka ka kwatanta motoci iri biyu masu shan gazuwal, wato man dizal. Dukansu na hannu ne, an riga an yi aiki da su. Ɗaya tsohuwa ce, ƙirar shekarun 1990. Ɗaya kuma sabuwar yayi ce, ƙirar bayan 2005.

Mota kamar doki ce

Mutanen Kurfai sun san doki. Sun san cewa ranar sayensa ita ce rana mafi sauƙi. Bayanta akwai dawa, da harawa, da magani, da mai kula da shi, ko an hau ko ba a hau ba. Haka mota take. Kuɗin da ka miƙa wa dillali kashi ɗaya ne kawai. Kuɗin riƙon mota kashi biyar ne:

1. Faɗuwar daraja: bambancin kuɗin da ka saya da kuɗin da za ka sayar.
2. Gazuwal.
3. Gyara, da juyen baƙin mai, da tayoyi, da batir.
4. Takardu: inshora, da harajin mota na shekara, da binciken lafiyar mota.
5. Asarar ranakun da mota take kwance ba ta aiki.

Mutane da yawa suna lissafa na biyu da na uku, su manta da na ɗaya da na biyar, saboda ba a ganin fitarsu daga aljihu. To amma su ma kuɗi ne.

Daga ina motocin suke zuwa?

Yawancin motocin da ake sayarwa a Yamai sun yi rayuwarsu ta farko a wata ƙasa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan. Kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo.

Nijar ba ta da teku. Shekaru da yawa motocinmu suna sauka a Kwatano, su shigo ta Gaya. Da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya masu yawa suka koma bin hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, wadda ta fi tsawo. Wannan ya shafe ka ta hanya biyu: farashin motar, da kuma tsawon jiran kayan gyaran da babu su a kasuwa.

Bambancin injunan biyu

Injin gazuwal ba ya amfani da tartsatsin wuta kamar na fetur. Yana matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sannan a fesa mata gazuwal ya kama da kansa. Abin da yake feshin ana kiransa injekta. Abin da yake tura masa mai kuwa shi ne famfon gazuwal. A nan ne babban bambanci yake.

A tsohuwar mota, famfon na ƙarfe ne zalla, juyin inji ne yake sarrafa shi. Irinsa ne a tsofaffin Hilux da Hiace masu injin 2L da 3L, da Land Cruiser mai injin 1HZ wanda ya fito a 1990, da tsofaffin Mercedes irin su 207D. Bakanike yana iya saurarensa da kunne, ya kwance da hannu, ya gyara. Yana haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai. Aibinsa shi ne shan mai, da hayaƙi, da rashin ƙarfi idan kaya sun yi nauyi. Ga kuma tsufa: lagireto, da birki, da kuloci, da sifirin, kowanne da ranar da zai gaji.

Sabon tsari ya fara shiga ƙananan motoci a Turai a 1997. Kamfanin Toyota yana rubuta D-4D a jikin irin waɗannan injuna, Peugeot HDi, Mercedes kuma CDI. A wannan tsari, ƙaramar kwamfuta ce take auna man da za a fesa, kuma ana fesa shi da matsi mai tsanani ta ƙofofi sirara kamar gashi. Saboda haka motar ta fi ƙarfi, ta fi tsimin mai, ta fi shiru. Amma ɗigon ruwa ko ƙurar da tsohon inji zai haɗiye yana iya lalata injektocinta. Idan fitilar gargaɗi ta kama, sai an jona mata na'urar bincike kafin a san ciwonta, kuma gyaranta galibi sauyi ne da sabon ƙarfe.

Akwai ƙarin abu biyu a motocin da aka ƙera don Turai. Dokar hayaƙi ta 2009 ta sa aka riƙa saka matatar toka a cikin salansa. Matatar tana bukatar doguwar tafiya da gudu don ta ƙone tokar da ta tara, kuma an yi ta ne don gazuwal mai ƙarancin farar wuta irin na Turai. Idan ta toshe, mota ta rasa ƙarfi. Bayan dokar 2014 kuma, motoci da yawa suna da tanki na biyu na wani ruwa mai suna AdBlue. Idan ya ƙare, motar tana iya ƙin tashi. Kafin ka saya, ka tambaya ko motar tana da waɗannan abubuwa, kuma ka tambayi kanka ina za ka same su.

Nisa ma kuɗi ne

Daga Bonkuku zuwa Yamai wajen kilomita 140 ne, ta hanyar Baleyara. Filinge ta fi kusa, tana arewa. Idan tsohuwar mota ta tsaya, sau da yawa za ka sami bakanike a kusa wanda ya san ta, kuma kayanta na gwanjo suna da yawa. Idan sabuwar yayi ta tsaya saboda kwamfuta ko injekta, ka sa a ranka cewa sai Yamai. Ko dai ka ɗauko mai na'ura ka biya masa kuɗin hanya, ko a ja motar zuwa can.

Na taɓa ganin haka a wata ƙungiya ta ɗalibanmu na yaƙi da jahilci. Sun sayi a-kori-kura mai kyan gani, fentinta yana ƙyalli. Ana tsakiyar haƙar dankali suka rasa mai, suka saya a jarka a bakin hanya. Ashe da ruwa a ciki. Motar ta kwanta mako uku ana jiran kaya. Kuɗin gyara ya yi musu ciwo, amma abin da ya fi shi ne sun koma hayar motar wani a daidai lokacin da suka sayi tasu dominsa.

Wannan ba ya nufin tsohuwa ba ta da nata. Ita takan tsaya sau da yawa, kwana ɗaya ko biyu, da kuɗi kaɗan kaɗan. Sabuwar yayi ba ta cika tsayawa ba, amma idan ta tsaya takan daɗe, kuma ta ci kuɗi a dunƙule. Ka duba wanne aljihunka zai iya ɗauka.

Mu yi lissafi tare

Ɗauko takarda da alƙalami. Za mu rubuta kuɗi da tamma, wato sefa, kamar yadda ake rubutawa a rasit. Ka tuna tamma 5 dala ɗaya ce, tamma 1,000 kuma jaka ɗaya.

Tun 2011 matatar mai ta SORAZ a Damagaram take tace gazuwal, kuma gwamnati ce take yanke farashin gidan mai. A watan Agusta na 2022 litar gazuwal ta tashi daga 538 zuwa 668. A watan Yuli na 2024 aka rage ta zuwa 618, wato dala 123 da tamma 3. Don sauƙin lissafi za mu ɗauki 620. Sauran lambobin da ke ƙasa na misali ne, don koyon hanya. Idan ka zo naka lissafi, ka sa farashin da ka ji da kunnenka a kasuwa.

A misalinmu, tsohuwa an saye ta 4,000,000, kuma tana shan lita 11 a kilomita 100. Sabuwar yayi an saye ta 10,000,000, tana shan lita 9 a kilomita 100. Zuwa Yamai da dawowa, haɗe da zirga-zirgar cikin birni, mu ce kilomita 300.

Misali na ɗaya: tafiya ɗaya a mako

Mako 50 sau kilomita 300 ya ba mu kilomita 15,000 a shekara. Tsohuwa za ta sha lita 1,650, sabuwar yayi lita 1,350. Mu ce bayan shekara 5 za a sayar da tsohuwa 2,500,000. Ta faɗi da 1,500,000 ke nan, wato 300,000 a shekara. Sabuwar yayi za a sayar da ita 6,500,000. Ta faɗi da 3,500,000, wato 700,000 a shekara.

Tsohuwa, a shekara:
Faɗuwar daraja 300,000
Gazuwal 1,023,000
Gyara da juye da taya 500,000
Takardu 120,000
Ranakun kwanciya 100,000
Jimla 2,043,000

Sabuwar yayi, a shekara:
Faɗuwar daraja 700,000
Gazuwal 837,000
Gyara da juye da taya 400,000
Takardu 150,000
Ranakun kwanciya 50,000
Jimla 2,137,000

Ka raba kowace jimla da 15,000. Kilomita ɗaya a tsohuwa ya tashi wajen tamma 136, a sabuwar yayi wajen 142. Ka lura: sabuwar yayi ta yi tsimin mai na 186,000, amma faɗuwar darajarta ta cinye tsimin har da ƙari. A nan tsohuwa ta fi sauƙi da 94,000. Ga kuma miliyan 6 da suka rage a hannu, waɗanda za su iya sayen iri da taki da injin ban ruwa.

Misali na biyu: tafiya uku a mako

Yanzu motar ta zama ta sana'a, tana yin kilomita 45,000 a shekara. Tsohuwa za ta sha lita 4,950, sabuwar yayi lita 4,050. Yawan aiki zai ƙara gyara, ya kuma ƙara rage darajar kowacce.

Tsohuwa, a shekara:
Faɗuwar daraja 400,000
Gazuwal 3,069,000
Gyara da juye da taya 1,500,000
Takardu 120,000
Ranakun kwanciya 400,000
Jimla 5,489,000

Sabuwar yayi, a shekara:
Faɗuwar daraja 900,000
Gazuwal 2,511,000
Gyara da juye da taya 1,100,000
Takardu 150,000
Ranakun kwanciya 150,000
Jimla 4,811,000

Kilomita ɗaya a tsohuwa wajen tamma 122, a sabuwar yayi wajen 107. Lissafi ya juya. Sabuwar yayi ta fi sauƙi da 678,000 a shekara.

Amma kada ka yi saurin rufe littafi. Idan ƙarin miliyan 6 ɗin bashi ka ci, kuma ana ɗora maka kashi 10 cikin 100 a shekara, kuɗin ruwan shekarar farko kaɗai 600,000 ne. Ribar ta kusa ƙarewa. Idan kuma gurɓataccen mai ya lalata injektoci da famfo sau ɗaya, ribar shekara guda ko fiye tana iya tafiya a rana ɗaya.

Abin da lissafin ya koya mana

Idan tafiyarka kaɗan ce, ko aikin motar na lokacin kaka da ranakun kasuwa ne kawai, kamar kasuwar Baleyara ta ranar Lahadi, tsohuwa mai lafiya takan fi sauƙin riƙo.

Idan motar za ta yi aiki kusan kullum a kan kwalta, kana shan mai a gidan mai amintacce, kana shiga Yamai a kai a kai, kuma kana da ajiyar kuɗi don babban gyara, sabuwar yayi tana iya fin riba.

Lafiyar mota ta fi shekarunta muhimmanci. Tsohuwar da injinta yake neman garambawul ba ta da araha ko da an ba ka ita rabin kuɗi. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Akwai kuma hanya ta uku da ake mantawa da ita. Idan a shekara tafiya 10 ko 15 kawai kake bukata, ka lissafa kuɗin haya. Sau da yawa za ka tarar hayar ta fi sayen mota sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da ba a auna shi da tamma

Motoci na baya-bayan nan da yawa suna da jakar iska mai kare mutum a lokacin haɗari, da birki mai hana taya kullewa. Tsofaffi galibi ba su da su. Hayaƙi ma abin dubawa ne. A 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa hayaƙin gazuwal yana jawo ciwon daji na huhu. Kada a bar inji yana aiki a cikin rumfa ko kusa da yara. Ka kuma tuna cewa motar ƙauye ita ce motar asibiti. Ranar da za a kai mai naƙuda Filinge da tsakar dare, abin da ake bukata shi ne motar da za ta tashi da murɗa makulli ɗaya, kuma birkinta da fitilunta suna aiki.

Kafin ka biya kuɗi

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da bakaniken da kai ka zaɓa, wanda zai riƙa gyara maka motar, kada ka dogara da na dillali.

1. Ka je da sassafe, ka taɓa inji ka tabbata da sanyinsa, sannan a tayar. Inji mai lafiya ba ya wahalar tashi.
2. Ka dubi hayaƙi. Baƙi yana nuna matsalar injekta ko toshewar matatar iska. Shuɗi yana nuna inji yana ƙona baƙin mai. Fari wanda ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana iya nuna ruwa yana shiga inji.
3. A buɗe murfin baƙin mai inji yana aiki. Idan hayaƙi yana bulbulowa da ƙarfi, injin ya gaji.
4. Ka leƙa ƙarƙashi. Ka nemi tsatsa da walda a shasi. A Turai ana zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, kuma gishiri yana cin ƙarfe.
5. Kada ka gaskata agogon kilomita shi kaɗai, ana iya mayar da shi baya. Ka dubi cinyewar sitiyari da kujera da robar birki.
6. Idan sabuwar yayi ce, a jona mata na'urar bincike a gabanka.
7. Ka karanta lambar shasi harafi bayan harafi, ka gwada da ta takardar mallaka da ta duwan. Idan harafi ɗaya ya saɓa, ka bar motar.
8. A gwada ta da kaya, a kan kwalta da kuma cikin rairayi.

Bayan ka saya

Rigakafi ya fi magani. A ƙasa mai ƙura da zafi irin tamu, ana yin juyen baƙin mai kowane kilomita 5,000. Ka riƙa duba matatar iska, musamman lokacin hunturu. Ka sauya matatar gazuwal a kan kari, ka kuma zubar da ruwan da yake taruwa a gindinta. Idan dole ta sa ka sayi mai a jarka, ka bar shi ya kwanta, ka tace da ƙyalle mai tsabta, kada ka juye na ƙasan. Kada ka garwaya gazuwal da kananzir ko fetur. Idan injin mai turbo ne, ka bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe bayan doguwar tafiya. Injuna da yawa suna da bel na taimin da ake sauyawa bayan kilomita 100,000 ko 150,000, gwargwadon irinsu. Idan ya tsinke ana tafiya, ɓarnar tana da girma. In ba ka san ranar da aka sauya shi ba, ka sauya tun farko. Kuma kada ka ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta. Ƙarin buhu biyar na yau shi ne karyewar sifirin na gobe.

Littafin mota

A nan ne karatunka zai yi maka rana. Ka sayi littafi guda, ya zauna a cikin motar. Ka ja layi biyar: kwanan wata, lambar agogon kilomita, litar da aka sha, kuɗin da ya fita da dalilinsa, kuɗin da ya shigo. Kowace tafiya a rubuta. Idan motar ƙungiya ce, a karanta littafin a gaban kowa ƙarshen wata. Hakan yana kare direba daga zargi, yana kuma kare dukiyar jama'a.

Daga kuɗin kowace tafiya, a ware wani kaso a ajiye don babban gyara da sayen wata motar. Wanda bai ware ba, yana cin uwar kuɗinsa yana zaton riba ce.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Tafiya nawa ƙungiyarku take bukata a shekara? Kilomita nawa ke nan?
2. Mota tana shan lita 10 a kilomita 100. Nawa ne kuɗin gazuwal zuwa Yamai da dawowa a farashin yau?
3. Waɗanne injuna ne kanikawan da ke kusa da ku suka iya gyarawa? Ku aika mutum biyu su tambayo, su rubuto amsa.
4. Idan motarku ta kwanta mako biyu a lokacin haƙar dankali, nawa za ku yi asara?
5. Ku nemi mai mota ɗaya a garinku ya faɗa muku abin da ya kashe bara. Ku jera shi a kashi biyar kamar yadda muka yi, ku kawo aji mako mai zuwa.